Ƙuri'a miliyan 4, kujera 5: ina ƙananan jam'iyyun masu ƙyamar baƙi suka dosa a Turai?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani lissafi ne ya ɗaure mini kai tun jiya. A zaɓen Birtaniya na watan Yulin 2024, jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, kashi 14 cikin 100 ke nan, amma kujera 5 kacal ta tashi da su a majalisa mai kujeru 650. Liberal Democrats kuwa, da ƙuri'arsu wajen miliyan 3.5 ce kawai, suka kwashi 72. To waɗannan ƙananan jam'iyyu masu cewa ƙasa tamu ce, a rufe ƙofa, wahalar banza suke sha ko akwai inda za su kai? Kuma su wane ne ma suke jefa musu ƙuri'ar?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Nasiru. Ba maguɗi aka yi musu ba, haka tsarin yake. A Birtaniya kowace mazaɓa mutum ɗaya take turawa, wanda ya fi kowa ƙuri'a ya tafi da kujerar ko da ratar ɗaya ce, na biyu kuma ya koma gida hannu rabbana. Jam'iyyar da magoya bayanta suka warwatsu, kaɗan nan kaɗan can, sai ta yi ta zuwa ta biyu da ta uku har a gama ƙirga. Abin da ya sami UKIP, tsohuwar jam'iyyar Farage, a 2015 ya ma fi wannan ciwo: ƙuri'a kusan miliyan 3.9, kujera 1 tak, ta Clacton. A zaɓen nan dai SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin Sikotlan, da ƙuri'a kusan miliyan 1.5 da ta tara a Sikotlan kaɗai, ta ɗauki 56.

In kana son ganin ƙarfin dokar zaɓe ƙuru-ƙuru, dubi Faransa. A 1986 an yi zaɓen majalisa da tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, jam'iyyar Jean-Marie Le Pen ta samu kujera 35. Aka koma tsohon tsarin zagaye biyu, a 1988 ta samu kujera 1, alhali yawan masu zaɓenta bai wani sauya ba. Mutanen dai su ne, awon ne aka canza.

Muntari: Ke nan magana ta ƙare. Duk inda doka ta matse su, sun mutu.

Dakta Sa'adatu: Ba ta ƙare ba Muntari, yanzu ma aka fara. Malam Habu, lissafinka daidai ne, amma kujera kake ƙirgawa, ni kuwa abin da jam'iyya ta samu daga cikin buƙatunta nake dubawa. UKIP da kujerar tata ɗaya ta fitar da Birtaniya daga Tarayyar Turai. Me ya sa Firaminista David Cameron ya yi alƙawarin ƙuri'ar raba gardama kan fita daga Tarayyar a watan Janairun 2013? Ba don yana son fita ba, shi da kansa ya yi yaƙin a zauna. Tsoro ne. 'Yan majalisarsa na Conservative suna kallon UKIP tana gutsurar musu ƙuri'a a mazaɓunsu, kuma a irin wannan tsari ba sai ta ci ba, ta kayar da kai ya isa. A 2014 UKIP ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar Turai, a ranar 23 ga Yunin 2016 kusan kashi 52 suka ce a fita. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Malam Habu: Dakta, na yarda, amma ki ƙarasa labarin. A 2017 UKIP ta faɗo ƙasa da kashi 2. Ta samu abin da take nema, ta rasa dalilin rayuwa.

Dakta Sa'adatu: Sunan ne ya mutu Malam. Farage ya cire riga ya sa wata, Brexit Party, ya sake cirewa ya sa Reform, mutanensa suka bi shi. Sau bakwai yana neman kujerar majalisa yana faɗi, a na takwas ya ci, kuma a Clacton ɗin nan dai.

Baba Audu: Sau bakwai! Wannan ko ba ka son manufarsa ka sara masa wajen naci.

Ibrahim: Ku ba ni dama in taɓa rabin tambayar Nasiru da aka tsallake, wato su waye masu zaɓen. Shekarata takwas a Jamus, ina aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya, kuma cikin abokan aikina akwai waɗanda ba sa ɓoye cewa AfD, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta can, suke yi. Kafin in zo, hoton da ke kaina shi ne matasa masu ƙwal kwabo da manyan takalma suna ihu a titi. Akwai irinsu, amma ba su ne ke kawo kashi 20 ba. Wanda nake gani kullum magidanci ne ɗan shekara hamsin da wani abu, bai yi jami'a ba, ya koyi sana'ar hannu, yana zaune a ƙaramin gari inda aka rufe reshen banki, likita ya yi ritaya ba a samu mai maye gurbinsa ba, 'ya'yansa sun gudu birni. Wani cikinsu ya ce mini shekaru da yawa ko rumfar zaɓe ba ya zuwa, sai da AfD ta fito.

Abin mamakin, shi wannan mutumin muna cin abinci tebur ɗaya, ranar da motata ta ƙi tashi shi ya tsaya cikin sanyi ya tayar mini. Na tambaye shi, to ni fa? Ya ce ai kai kana aiki kana biyan haraji, ba da kai muke ba. Na yi dariya kawai, don na san ranar da aka zo kora ba a tambayar takardar haraji.

Hajiya Rabi: Ibrahim ɗana, ka yi hankali da irin wannan labarin. Kullum haka ake wanke su, a ce talakawa ne da aka manta da su. Talauci ne ya sa suke zanga-zanga in za a gina masallaci? A Holan Geert Wilders ya fito ƙarara ya ce a haramta Alƙur'ani, a rufe masallatai, kuma ya zo na ɗaya a 2023 da kujera 37 cikin 150. Holan ba matalauciyar ƙasa ba ce. Ostiriya ma haka, jam'iyyarsu ta masu ƙyamar baƙi, FPÖ, ta zo ta ɗaya a 2024. Ƙiyayya ce, a kira ta da sunanta.

Ibrahim: Hajiya, wallahi ba wanke su nake ba, ni ne fa ke zaune cikinsu. Kin yi gaskiya, batun baƙi shi ne igiyar da ta ɗaure su duka, in aka cire shi tsintsiyar ta watse. Abin da nake nufi shi ne ba duk mai jefa ƙuri'ar ne ɗan aƙida ba.

Dakta Sa'adatu: Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na tabarma. Abin da ake gani kusan a kowace ƙasa: maza sun fi mata zaɓensu, waɗanda ba su da digiri sun fi masu digiri nesa ba kusa ba, ƙauye da ƙananan garuruwa sun fi manyan birane. Amma ba matalautan ƙarshe ne suka fi yawa ba, su waɗannan galibi ba sa ma fita zaɓe. Masu ɗan abin hannu ne da ke jin ƙasa na zamewa ƙarƙashin ƙafarsu: direba, makaniki, mai ƙaramin shago, ma'aikacin masana'anta. Arewacin Faransa, yankin haƙar kwal, da can gidan 'yan gurguzu ne. Garin Hénin-Beaumont tun 2014 yake hannun jam'iyyar Marine Le Pen.

Sai kuma abin da ke goyon bayan Hajiya ta wata fuska. AfD ta fi ƙarfi a gabashin Jamus, inda baƙi suka fi ƙaranci. A jihar Thüringen ta zo ta ɗaya a watan Satumban 2024 da kusan kashi 33. Hamburg kuwa, inda baƙi suke jingim, nan ne ɗaya daga wuraren da take shan kashi. Wanda ke maƙwabtaka da baƙo bai cika jin tsoronsa ba kamar wanda a talabijin da waya kawai yake ganinsa.

Zainab: Anti Sa'adatu, a daina ɗora wa tsofaffi laifin su kaɗai. Ku leƙa TikTok ku ga yadda samarin Faransa ke bin Jordan Bardella, na hannun damar Marine Le Pen, kamar wani mawaƙi. A jihohin gabashin Jamus ma matasa sun zuba wa AfD ƙuri'a sosai a 2024.

Dakta Sa'adatu: Haka ne ƙanwata, musamman samari maza. A Birtaniya ce dai har yanzu masu furfura suka fi yawa a cikinsu.

Malam Habu: Ina ganin muna cakuɗa abu biyu. Nasiru ƙananan jam'iyyu ya ce, mu kuma muna ta lissafa waɗanda suka girma. Ga kowace ɗaya da ta girma akwai tulin da suka mutu a zanin goyo, kuma a kansu ne darasin yake.

Ku ɗauki BNP ta Nick Griffin a Birtaniya. A 2006 ta ci kujerun kansila 12 a Barking da Dagenham, gabashin Landan. A 2009 ta tura mutum 2 majalisar Turai da ƙuri'a sama da 900,000, jaridu suka yi ta kururuwa. A 2010 Griffin ya tsaya a Barking ya zo na uku, kansilolin nan 12 aka share su gaba ɗaya. Zuwa 2015 ƙuri'un jam'iyyar a faɗin ƙasar ba su kai 2,000 ba. Kuma a can ɗan takara yana ajiye fam 500, in bai kai kashi 5 ba kuɗin sun tafi. Ku lissafa jam'iyyar da ta tsayar da mutum ɗaruruwa, yawancinsu suka rasa ajiyar.

NPD ta Jamus kuma abin nata har da ban dariya. A 1969 ta samu kashi 4.3, saura ƙiris ta haye katangar kashi 5 da ake buƙata kafin shiga majalisa, ba ta sake matsowa kusa haka ba. Sau biyu aka kai ta kotun tsarin mulki a haramta ta. A 2017 kotun ta ce manufarta ta saɓa wa tsarin mulki, amma ba za a haramta ta ba don ba ta da ƙarfin da za ta iya aikata komai. Akwai cin fuskar da ya wuce wannan?

Baba Audu: Wato an ce mata ke ko hukunci ba ki isa a yi miki ba.

Muntari: To me ya bambanta su da AfD? Ni a kunnena duk waƙa ɗaya suke rerawa.

Malam Habu: Asali da sutura. BNP da NPD kowa ya san daga gidan da suka fito, warin 'yan Nazi yana binsu, mutum mai iyali da aiki yana jin kunyar a ce ya zaɓe su. AfD kuwa farfesan tattalin arziki ne, Bernd Lucke, ya jagoranci kafa ta a 2013, kuma faɗanta na farko da kuɗin Yuro ne da ceto ƙasar Girka, ba da baƙi ba. Ta shigo da kwat da lakatayi, ta samu kashi 4.7 a wannan shekarar. Sai ga 2015, masu zafin ra'ayi suka ƙwace jam'iyyar, Lucke ya fice, sannan shugabar gwamnati Angela Merkel ta bar ƙofa a buɗe ga 'yan gudun hijira. A 2017 kashi 12.6, a watan Fabrairun 2025 kashi 20.8, ta biyu a ƙasa. Mutanen da ba za su taɓa zaɓen NPD ba sun samu ƙofar da za su shiga ba tare da sunkuyar da kai ba.

Dakta Sa'adatu: A nan na bi ka Malam. Marine Le Pen ta gane haka, shi ya sa ta kori mahaifinta daga jam'iyyar da shi ya kafa, a 2015, ta sauya mata suna a 2018. Uban ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2002 ya tashi da kashi 18, 'yar ta samu sama da 41 a 2022. Suwidin ma haka. Jam'iyyar SD tushenta a 1988 ƙazami ne ƙwarai, Jimmie Åkesson ya karɓe ta a 2005 ya yi ta korar masu zubar musu da mutunci a bainar jama'a. A 2006 ba su kai katangar kashi 4 ba, a 2010 suka haye da 5.7, a 2022 suka wuce kashi 20.

Hajiya Rabi: Sun wanke fuska dai, ciki yana nan yadda yake.

Dakta Sa'adatu: Ban musa ba Hajiya. Ana maganar abin da ke kawo ƙuri'a ne.

Nasiru: Amma akwai Golden Dawn ta Girka, su ba su wanke komai ba, kuma sun shiga majalisa.

Malam Habu: Sun shiga ne lokacin da ƙasar ta durƙushe. A 2009 ba su kai ko kashi 1 ba, a 2012 da bashi ya shaƙe Girka suka samu kusan kashi 7. A 2013 wani ɗansu ya kashe mawaƙi Pavlos Fyssas, a 2019 suka kasa kai kashi 3, a 2020 kotu ta yanke cewa ƙungiyar masu laifi ce, shugabanninta suka tafi gidan yari. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ibrahim: Akwai wata cuta da ba ku ambata ba: rikicin cikin gida. Irin waɗannan jam'iyyu suna tara mutanen da kowannensu ke ganin shi ne mai ceton ƙasa. A Holan jam'iyyar Pim Fortuyn ta ci kujera 26 a 2002, kwanaki kaɗan bayan an harbe shi. Suka shiga gwamnati, ministocinsu suka kama kokawa da juna, gwamnatin ta rushe cikin wata uku. A 2003 suka koma 8, a 2006 babu ko ɗaya. Wilders ya ga haka, da ya kafa tasa sai ya ƙi ba kowa katin zama ɗan jam'iyya. Shi kaɗai ne mamba.

Baba Audu: Ikon Allah. Babban taron jam'iyya ke nan a gaban madubi.

Zainab: Baba ka kashe ni da dariya.

Muntari: To manyan jam'iyyu fa, me ya hana su ɗauke musu maganar kawai? Su ma su ce za su tsaurara kan iyaka, shi ke nan an rufe kasuwar.

Dakta Sa'adatu: An gwada, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A Denmak ya yi aiki: jam'iyyar DF mai ƙyamar baƙi ta samu kashi 21 a 2015, sai Mette Frederiksen, wadda jam'iyyarta ta ma'aikata ce, ta ɗauki tsattsauran mataki kan baƙi, zuwa 2022 DF ta faɗo ƙasa da kashi 3. Amma ku lura, jam'iyyar ce ta rame, manufarta kuwa ta zama dokar ƙasa. In kai baƙo ne a Denmak, wa ya ci zaɓen? A Faransa kuma masu ra'ayin riƙau sun shekara da shekaru suna kwaikwayon Le Pen, ƙarshenta su ne suka ƙanƙance. Tsoho Le Pen ya sha faɗin cewa mutane sun fi son na asali a kan kwafi.

Ɗaya hanyar ita ce a ƙaurace musu, kowa ya rantse ba zai yi gwamnatin haɗaka da su ba. Beljiyam ta daɗe tana yi wa Vlaams Belang haka, Jamusawa kuma suna kiran tasu katangar wuta. Tana hana su mulki, amma tana ba su abin faɗa: kun gani, duk bakinsu ɗaya, mu kaɗai ne daban.

Malam Habu: Giorgia Meloni ta Italiya ta ci ribar wannan matsayi. Jam'iyyarta ba ta kai kashi 2 cikakke ba a 2013, a 2018 ta ɗan haura 4. Da Mario Draghi ya kafa gwamnatin kowa da kowa a 2021, har da Lega ta Salvini, mai irin ra'ayinta, a ciki, ita ta zauna a waje. Duk mai jin haushin gwamnati ba shi da wurin zuwa sai wajenta. A 2022 kashi 26, ta zama firaminista. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hajiya Rabi: Shekara tara daga kashi 2 zuwa fadar gwamnati. Sannan ku ce in kwantar da hankalina.

Malam Habu: Ba wanda ya ce haka Hajiya. Chega ta Fotugal ma kujera 1 ta samu a 2019, a 2024 ta samu 50. Sai dai fili ɗaya ne, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Duk ƙasar da wata ta riga ta kama gurbin, sabbin ƙanana ba sa numfashi. Éric Zemmour ya fito takarar shugaban ƙasar Faransa a 2022 da hayaniya kamar zai haɗiye Marine Le Pen, ya ƙare da kashi 7, a zaɓen majalisa ko kujera ɗaya jam'iyyarsa ba ta samu ba, shi kansa ya faɗi tun zagayen farko. AfD ta shanye NPD, UKIP ta shanye BNP. Babban abokin gabar ƙaramar jam'iyyar kishin ƙasa 'yar'uwarta ce da ta fi ta iya ɗaura ɗamara.

Nasiru: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma ku dawo da ni inda na fara. Reform da kujerunta 5 na 2024, a wane layi za mu sa ta, na BNP ko na Meloni?

Dakta Sa'adatu: Ba na BNP ba dai. Tsarin da Malam Habu ya bayyana wuƙa ce mai kaifi biyu. Yana yanka ka in kana kashi 14, amma in ka kai wajen kashi 30 alhali sauran sun rarrabu gida huɗu, kai zai yi wa aiki. Labour da kashi 34 ta kwashi kujera sama da 400 a 2024. Kuma an ga alama a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayun 2025: Reform ta ci kujerun kansila sama da 600, ta karɓi ragamar majalisu 10.

Malam Habu: Zaɓen kansila daban, na ƙasa daban, Dakta. A na kansila mutum yana huce haushi ne, ya san ba firaminista yake naɗawa ba. Kuma yanzu da aka danƙa musu kwasar shara da gyaran titi da kula da tsofaffi da kuɗin da ba ya isa, za su ɗanɗana abin da FPÖ ta ɗanɗana: kusan kashi 27 a 1999, ta shiga gwamnati, a 2002 ta dawo 10. Sannan ki cire Farage daga cikinta ki gaya mini sunan mutum uku da talakan Ingila ya sani.

Dakta Sa'adatu: FPÖ ɗin da ka kawo ai ita ce Hajiya ta ce ta zo ta ɗaya a 2024. Ta faɗi sau biyu ta tashi sau biyu.

Malam Habu: Ta zo ta ɗaya, kuma ba ta kafa gwamnati ba.

Muntari: Ku dakata, wai gaskiya ne a wannan ranar ta Mayu sun ƙwace wata kujerar majalisa daga hannun Labour da ƙuri'a shida? Na ɗauka zolaya ce.

Ibrahim: Gaskiya ne, Runcorn da Helsby, zaɓen cike gurbi. Kujerar da Labour ta ci da ratar sama da 14,000 wata goma kafin nan.

Malam Habu: Da farko ma ratar huɗu ce Muntari. Sai da aka sake ƙirgawa ta koma shida.